Kafin ka sayi kibod mai suwic na farko

Jiya bayan la'asar a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano mun daɗe muna tattauna kibod mai suwic a ƙarƙashin kowane maɓalli. Kusan kowa ya ce ka danna da yatsanka kafin ka biya. A cikin suwic samfurin Cherry MX, shuɗi yana ƙas-ƙas, zai tashi yara cikin dare. Ja sulɓi gare shi, ruwan ƙasa kuwa yana da ɗan tudu da yatsa ke ji. Ni ruwan ƙasan nake zaɓa wa mai yawan rubutu.

An fi nanata kibod ɗin da ake zare suwic ɗinsa a canza ba sai an narka dalma ba, don ƙurar hunturun Kano ba ta barin komai. Murafen maɓalli na robar PBT ba sa saurin gogewa su yi ƙyalli kamar na robar ABS. Mai maɓalli 87, wato marar sashen lambobi na gefe, ya wadatar, in ba lissafi ne aikinka ba.