Ta yaya ake ƙulla sanayya ta aiki ba tare da an zama maroƙi ba?

Sabon Akanta, Kano:
Assalamu alaikum. Na kammala bautar ƙasa bara, yanzu ina riƙe da lissafin kuɗi a wani ƙaramin kamfani, ina kuma shirin jarrabawar ICAN, wato ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya. Kowa yana ce mini aiki mai tsoka sai da hanya, ni kuwa ɗan manomi ne, ban gaji wata hanya ba. Na buɗe shafi a LinkedIn, dandalin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, na aika wa manyan akantoci kusan talatin saƙo, babu wanda ya amsa. Abin da ya fi damuna shi ne, duk lokacin da na yi niyyar kusantar wani babba a ofis, sai in ji kamar fadanci nake yi. Ina neman shawararku.

Yayarku a Sashen Ma'aikata, Kaduna:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Irin saƙon da ka aika musu ina samunsa kullum, kuma mafi yawansa bai wuce "Salam" kaɗai ba, ko "a taimaka mini da aiki". Wanda bai taɓa ganinka ba ba zai ɗauki wannan nauyin ba. Amma da za ka faɗi ko kai waye a layi biyu, sannan ka yi tambaya ɗaya tak a kan abin da mutumin ya ƙware a kai, misali yadda ake cike takardun harajin ma'aikata, da wuya ya yi shiru, domin mai ilimi yana son a tambaye shi abin da ya sani.

Batun ofis kuwa, Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Ka je ɗaurin auren abokin aikinka, ka je ta'aziyya, ka shiga adashin ofis idan albashinka zai ɗauka. Ni da kaina, aikin da nake yi yanzu wata mata ce ta ba ni labarinsa, wadda na taɓa taya haɗa rahoton ƙarshen wata ranar da ɗanta yake kwance a asibiti. Bafade yabo yake kaiwa, kai kuwa amfani za ka kai.

Malami daga Zariya:
Hajiya ta yi gaskiya. Zan ƙara da cewa masanin zamantakewa Mark Granovetter, ɗan Amurka, ya bayyana a 1973 cewa labarin gurbin aiki ya fi zuwa daga mutanen da ake haɗuwa da su jefi-jefi, ba daga aminai ba, saboda abin da amininka ya ji, galibi kai ma ka riga ka ji shi. Don haka kada ka raina zauren WhatsApp na tsofaffin 'yan ajinku da na waɗanda kuka yi sansanin bautar ƙasa tare. Ka kuma riƙa leƙa tarukan reshen ICAN na jiharku. Sai dai ka yi hattara da duk wanda ya ce ka turo kuɗi kafin ya haɗa ka da wani.

Sabon Akanta, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, waɗanda na riga na aika wa saƙon farko, ya dace in sake rubuta musu, ko in nemi wasu daban?