Mutanen da ke taruwa bayan babban jarumi: ni dai na tsaya a kan "'yan caffa"

'Yan'uwa masu wasan almara na kan tebur, akwai kalmomin da muka riga muka daidaita a kansu: level mataki ne, Charisma kwarjini ne, wanda ke gudanar da zaman kuma mai jan wasa. Wadda ta ƙi zama har yanzu ita ce followers, wato mutanen da ke zuwa su shiga ƙarƙashin jarumi idan ya kai babban mataki. Yawancinku kun ce "mabiya" kawai, a wuce wurin. Ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Mabiya kalma ce mai faɗi ƙwarai. Mai addini yana da mabiya, ɗan siyasa yana da su, mai shafi a Facebook ma haka. Kalmar ba ta gaya maka abin da ya ɗaure mutum da wanda yake bi ba. A wasa kuwa wannan ɗaurin shi ne dokar gaba ɗaya: me ya kawo shi, me zai riƙe shi, me zai sa ya tafi.

Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 daga wasannin yaƙi na 'yan mutum-mutumi ya tsiro, irin su Chainmail na 1971. Shi ya sa tun farko aka ɗauka cewa wanda ya fara da takobi ɗaya a kogo, ƙarshensa zai zama mai ganuwa da dakaru. Da aka zo AD&D, wato bugun Advanced na wasan, a littattafan 1978 da 1979, sai aka raba mutanen da ke tare da jarumi gida uku: hireling, henchman da follower. Idan muka zuba su duka a cikin "mabiya", mun rushe rabon da dokokin suka tsayu a kansa.

Na farko ba shi da wuya. Hireling mutum ne da aka ɗauka don lada: mai riƙe fitila, mai dako, maƙeri, mai tuƙa jirgi. A bugu na biyar na 2014, gwani yana karɓar tsabar zinariya 2 a rana, wanda ba shi da sana'a kuma tsabar azurfa 2. Ɗan'uwan da ya kawo "ɗan haya", kunnen kowa zai fara jin wanda ke biyan kuɗin ɗaki ne. Mu ce ɗan ƙwadago, idan kuma makami ya ɗauka, sojan haya. An gama da wannan.

Henchman ne ya fi ba da ciwon kai. A Turancin yau kalmar ta koma nufin ɗan koren mugu, wanda ake aikawa ya yi ɓarna, har wani a nan ya ce a sa "ɗan daba". A'a, Malam. Asalinta daga tsohuwar kalmar Turanci ce mai nufin doki, wato mai kula da dokin babban mutum. A cikin wasa kuwa mutum ne mai suna da aji da mataki nasa, yana shiga kogo tare da jarumi, yana da rabo a ganima, yana samun makin gogewa, yana girma. Kwarjini ne ke yanke yawansu: a AD&D mai kwarjini 3 mutum ɗaya kacal zai iya riƙewa, mai 18 kuma har 15. A dokokin Basic na 1981, inda aka kira su retainers, iyakar 7 ce. Bugu na uku na shekarar 2000 ya canza masa suna zuwa cohort, wadda a Latin sunan rukunin sojojin Rum ne, kashi ɗaya cikin goma na runduna, amma a wasan mutum ɗaya ake nufi. Sunaye uku, abu ɗaya.

Kalmarmu a nan ita ce bara, mace baranya, jam'i barori, dangantakar kuma barantaka. Na san inda matsalar take. A rubuce, bara mai hidima da bara na roƙo da bara ta shekarar da ta wuce duk kamanninsu ɗaya, sai furuci ke raba su. Amma a takardar jarumi jam'in za a rubuta a kan layi, "Barori: 2 cikin 5", babu mai ruɗewa. A baki kuma "baransa" ko "baranyarta" za a ce. An kawo "yaron gida", kuma ma'anar ta yi kusa sosai, sai dai yana da nauyi a kira tsohon mayaƙi mai furfura yaro a kowane zama. "Na hannun dama" mutum ɗaya ne, ba ya jam'i da daɗi. "Mukarrabi" ya nuna kusanci amma bai nuna hidima da rabo ba. Abin da ya sa na fi son bara shi ne yana jawo kishiyarsa da kansa: inda akwai bara akwai ubangida ko uwargijiya, kuma kowa ya san ubangida ma akwai haƙƙi a wuyansa.

To, yanzu ainihin maganar.

Followers na manyan matakai ba a ɗauke su aiki ba, ba a kuma je nemansu ɗaya bayan ɗaya ba. Su ne ke zuwa. A AD&D, mayaƙin da ya kai mataki na 9, ya gina ganuwa, ya share yankin da ke kewaye da ita daga dodanni, sai dakaru su zo masa da shugabansu, kuma ya fara karɓar haraji daga mazauna. Firist, wato jarumi mai hidimar addini, a mataki na 8, idan ya kafa wurin bauta, mutum 20 zuwa 200 ne ke taruwa a bayansa. Ɓarawo a mataki na 10 ya buɗe maɓoya, ƙananan ɓarayi 4 zuwa 24 su zo. Mai tsaron daji a mataki na 10 yana samun 2 zuwa 24, sau ɗaya a rayuwarsa, wanda ya mutu ba a maye gurbinsa. Abin da ya haɗa waɗannan duka shi ne suna ya yi nisa, mutane suka ji, suka taso da ƙafarsu suka miƙa wuya.

Hausa tana da kalmar wannan aikin daidai: caffa. A kai wa mutum caffa, wato a je gare shi a ce daga yau ina ƙarƙashinka. Shi ya sa nake cewa mu kira su 'yan caffa, namiji ɗan caffa, mace 'yar caffa. Ƙirƙira ce, na sani, amma a kan ginin da harshen ya saba, kuma duk wanda ya ji zai gane ba sai an yi masa bayani ba.

Sauran da aka kawo, kowace tana da inda ta gaza. "Fadawa" mutanen zama ne da zance a gaban mai mulki, ba su ne za su tsare ƙofar ganuwa cikin dare ba. "Dogarai" aiki ɗaya ne takamaimai, ba zai ɗauki ƙananan ɓarayi ko masu bauta ba. "Talakawa" su ne mazaunan da ke biyan haraji, kuma dokar ta raba su da waɗannan. "Magoya baya" suna iya goyon bayanka daga gidajensu. 'Yar'uwar da ta ce "masu mubaya'a", ke kika fi kowa kusa, ma'anar ta zauna daram. Abin da ya sa na kauce mata shi ne nauyin addini da ke tare da ita. Ba na son a ɗauki kalma irin wannan a rataya wa shugaban ɓarayi a wasa.

Abin da ya fi damuna ba daɗin kalmar a baki ba ne. Kalmar da muka zaɓa ita za ta nuna wa mai tsara doka hanya. Wanda ya rubuta "mabiya" zai yi tunanin lamba: nawa ne, kuma wane makami suke riƙe da shi. Wanda ya rubuta "'yan caffa" dole ya tambayi kansa ina aka kai caffar, me aka yi alkawari, kuma yaushe ake janye ta.

Ku duba yadda bugu na 3.5 na 2003 ya yi. Akwai baiwar shugabanci da ake iya ɗauka daga mataki na 6, wasan Pathfinder na 2009, wanda ya tsiro daga bugun 3.5, ya mai da ita na 7. Makin shugabanci shi ne matakin jarumi a haɗa da ƙarin kwarjininsa. Mu ɗauki mayaƙiya a mataki na 10 mai kwarjini 16, ƙarinta 3, maki 13 ke nan. Tana da ganuwa, an ƙara mata 2, ya zama 15: mutum 20 'yan mataki na ɗaya, biyu na mataki na biyu, ɗaya na uku. Ranar da aka san ta da zalunci za a cire 2, ta dawo 13, mutum 10 'yan mataki na ɗaya da guda ɗaya na mataki na biyu. Rabin jama'arta sun watse saboda hali. Idan ta yi sanadin mutuwar wasu daga cikinsu a ƙara cire 1, idan ta cika yawo ba ta zama wuri ɗaya a sake cire 1. An san ta da adalci da kyauta, a ƙara 1. Wannan jadawalin dokar caffa ce tsantsa, ko da masu rubuta shi ba su san kalmar ba. A can ƙolinsa, maki 25 zuwa sama, mutum 135 ne 'yan mataki na ɗaya, ban da na sama da su.

Inda wannan tsarin ya yi tuntuɓe kuwa shi ne ya ɗaure bara da 'yan caffa a baiwa guda. Baran zai iya kaiwa mataki biyu kacal ƙasa da ubangidansa, don haka mayaƙiyarmu tana iya yawo da matsafi na mataki na 8. Ɗan wasa ɗaya ya zama yana da jarumai biyu, yana motsi sau biyu a kowane zagayen faɗa, sauran suna zaune suna jira. Dalilin da ya sa masu jan wasa da yawa suke hana baiwar ke nan. Laifin na ɓangaren bara ne, amma 'yan caffa suka tafi tare da shi. Da kalmomi biyu a hannunmu, za mu iya taƙaita ɗaya mu bar ɗaya.

Ga yadda nake ganin a rubuta dokar. 'Yan caffa ba sa zuwa sai akwai wurin da za su zo, ganuwa ce ko maɓoya ko wurin bauta. Ana rubuta su a takarda ɗaya a matsayin rukuni, da sunan shugabansu kaɗai, ba takarda 40 ba. Aikinsu tsaro, sintiri, kai saƙo, rakiyar ayari da yaƙin fili. Ba a tura su gaba a kogo don a gane inda tarko yake, wanda ya yi haka kuma ya ci amana, dokar ta hukunta shi. Suna da lamba ɗaya, mu kira ta amana. Tsarin 1981 ya ishe mu: a jefa dayis biyu masu fuska shida, idan jimillar ta haura lambar, sun karaya. Wanda ya fi son ma'aunin 0 zuwa 20 na littafin mai jan wasa na 2014 ya ɗauka, duk ɗaya ne.

Lokacin jifan ne ya kamata a tsaya a kai. A ce abokan gaba sun kama mutum shida daga masu sintiri, sun aiko a kawo fansa. Jarumin yana da kuɗin, amma ya tara su ne don takobin tsafi. 'Yan wasa suka yi shiru, mai jan wasa bai ce komai ba, ya ɗauki dayis biyu ya ajiye a gaban mai jarumin. Idan ya biya, amana ta ƙaru da ɗaya ba tare da jifa ba. Idan ya ƙi, a jefa, kuma a cire biyu daga amana kafin a jefa. Idan suka karaya, ba wai lambar ce kawai ta ragu ba: shugaban dakarun ya kwashe kashi ɗaya cikin uku ya kai caffa wurin maƙwabcin da suke gaba da shi, ya tafi da sanin kowace ƙofa ta ganuwar. Haƙƙin da ke kan ubangida a fili yake, ci da sutura da kariya da fansa, kuma kowanne yana iya zama mafarin labari.

Game da maye gurbi, ban goyi bayan tsananin dokar mai tsaron daji ga kowa ba, amma ban yarda a riƙa cike gurbi kowane wata kamar ana ɗebo ruwa a rijiya ba. Sabbi su zo ne bayan wani aikin da ya ƙara wa jarumi suna.

Wani ya tambaya ko dabba tana kai caffa, tunda jadawalin mai tsaron daji yana iya ba shi beyar ko wata halittar almara. A duniyar da dodo ke magana ban ga abin da zai hana ba, dabbar da ta fito daga daji da kanta ta kwanta a gabansa ta yi abin da kalmar ke nufi. Wuri ɗaya da zan bar "mabiya" ta yi aiki shi ne jama'ar firist, domin su imani ne ya kawo su. A kan takarda dai suna ƙarƙashin dokar caffa, a baki a ce mabiyansa.

Akwai kalma ta huɗu da ban sa cikin wannan rabon ba, sidekick, wadda ta shigo bugu na biyar a 2019 aka faɗaɗa ta a 2020 da azuzuwa uku: gwani, mai tsafi da mayaƙi. An yi ta ne don cike gurbi idan 'yan wasa ba su da yawa, kuma ba lallai ta kasance ƙarƙashin kowa ba. Bara bai dace da ita ba, ɗan caffa ma haka. "Abokin tafiya" nake amfani da ita a yanzu. Wanda yake da wadda ta fi ta gajarta ya kawo mu gwada ta a tebur.