Allurar kashe jijiya bayan sauya gwiwa: shawarwari daga zauren lafiya na Hausawan Legas

Hajiya daga Agege: Salamu alaikum. Za a sauya wa mahaifiyarmu gwiwar dama wata mai zuwa, an ce bayan allurar baya akwai wata ta kashe jijiya. Wacce ya kamata mu nema?

Likitan allurar barci, Idi-Araba: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba Mama lafiya. Guda biyu ake yawan yi. Ta gindin cinya, wadda aka daɗe ana yi, tana kashe zafi sosai, amma tana kashe ƙarfin naman gaban cinya. Mutum ya miƙe yana ganin ƙafa lafiya lau, sai gwiwa ta lanƙwashe ya zube. Ta tsakiyar cinya, wadda muke kira adakta kanal, jijiyar ji take kamawa, ta bar mafi yawan ƙarfin ƙafar. Ita nake ba da shawara ga tsoho. Ana ɗora na'urar sikanin a cinya, a ga jijiyar kusa da hanyar jini, a zuba mililita 15 zuwa 20 na maganin kashe zafi, ropivacaine ko bupivacaine. Ku tambaya ko da sikanin za a yi.

Likitan ƙashi, Yaba: Sai dai ta tsakiyar cinyar ba ta kaiwa bayan gwiwa. Shi ya sa ake haɗa ta da iPACK, wata allurar da ke kashe zafin bayan gwiwa, ko mu zuba maganin a kewayen gaɓar kafin mu rufe. Idan an haɗa, dole a lissafa jimillar da nauyin jiki. Bupivacaine ba a so ya wuce miligiram 2 kan kowane kilo. Ku faɗi nauyinta na gaskiya, ba kintace ba.

Nas a Ikeja: Ni inda na fi jan kunne shi ne lokacin da allurar za ta saki. Guda ɗaya takan ɗauki awa 12 zuwa 24, ke nan aikin safe yakan saki cikin dare. Mara lafiya ta ji daɗi da yamma ta ce ba ta son ƙwaya, ƙarfe biyun dare kuma zafi ya dawo gaba ɗaya. A sha farasitamol giram 1 duk awa shida tun kafin ta saki, kada ya wuce giram 4 a rana. Idan asibitin na saka siririn bututu mai ɗiga maganin na kwana biyu ko uku, ku tambayi kuɗinsa.

Hajiya daga Agege: Tana da ciwon suga, kuma tana shan maganin tsinka jini.

Likitan allurar barci, Idi-Araba: To ku kawo kwalayen magungunan ranar ganin likita, kada ku dakatar da kanku. Allurar baya ta fi damuwa da maganin tsinka jini. Akan ƙara maganin dexamethasone don allurar kashe jijiyar ta daɗe, shi kuwa yana ɗaga suga na kwana ɗaya ko biyu, sai a riƙa aunawa. Idan kuma ta ji kunne na ƙara, ɗanɗanon ƙarfe a baki ko leɓe ya mutu, ku kira nas nan take, alamar maganin ya shiga jini ne.

Mai gashin ƙashi, Mil 12: Hajiya, allurar nan ba ta sauke kumburi, zafi kawai take rufewa. Kumburi sai ƙanƙara a nannaɗe cikin tawul, minti 15 zuwa 20, da ɗaga ƙafa. Filo a ƙarƙashin diddige, ba bayan gwiwa ba, in ba haka ba gwiwar ta saba da lanƙwasa. Kada a yi gashi da ruwan zafi, fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Kuma kada ta sauko daga gado ita kaɗai a ranar farko, ko da alwala ce.

Nas a Ikeja: Diclofenac da ibuprofen na rage kumburi, amma mai suga a duba ƙodarta tukuna, mai olsa kuma ya kiyaye. Ranar sallama, idan daga asibitin ƙashi na Igbobi ne zuwa Agege, ta zauna a kujerar baya ta miƙe ƙafar, tana motsa idon sawu cikin cunkoso. Ƙwauri ya kumbura yana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti a daren, ana tsoron gudan jini.

Hajiya daga Agege: Na rubuta duka. Allah Ya saka da alheri. Bututun nan ana iya tafiya da shi gida?

Likitan allurar barci, Idi-Araba: Wasu ƙasashen suna yi. Ku tambayi likitanku, amma in babu nas mai zuwa duba shi kullum, gara a cire kafin ku fita.