Rigimar "jikan bayi" a zauren 'yan Zango mazauna Amurka

Direban Bronx: Assalamu alaikum jama'a. Na kwana da abin nan a raina, in ban amayar da shi ba ba zan iya fita aiki ba. Jiya muna wajen suna a gidan wani ɗan'uwanmu, falo ya cika, takalma sun toshe ƙofa har ba ta rufuwa, ana ta zuba waina da miyar taushe. Akwai wani yaro baƙar fatar Amurka da duk masallacinmu aka sani, Musulmi ɗan Musulmi. In an yi mana rasuwa shi ke tuƙa gawa zuwa maƙabarta, ragon sunan ma a bayan motarsa aka ɗauko shi daga gona. Sai zance ya zo cewa yana neman 'yar wani dattijonmu. Dattijon nan ya ajiye cokali ya ce, "Akata? Jikan bayi? Ina asalinsa?" Yaron na zaune, taku uku tsakaninsu, faranti a cinyarsa. Ba ya jin Hausa, amma akata kam, kalmar rainin da 'yan Afirka ke kiran baƙar fatar Amurka da ita, ya san ta. Ya ƙarasa lomarsa, ya yi wa jariri addu'a, ya lalubi takalminsa ya fita.

To ni ga tawa: ba don wahalar iyayen yaron nan ba, da ni da dattijon ba mai taka Amurka. Kafin 1965 kusan duk guraben shigowa na Turawa ne. Mutanen nan aka sakar wa karnuka a Birmingham a 1963, aka fasa musu kai a gadar Selma, har aka yi dokar 'yanci ta 1964 da ta zaɓe ta 1965. A cikin wannan guguwar shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya sa hannu kan sabuwar dokar shige da fice a Oktoban 1965. Sun yi sharar gona, mun zo girbi, kuma muna zagin mai gona. Wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Hajiya Mai Atamfa: Subhanallahi. Ƙanena kai da bakinka kake kiran mutane jikokin bayi? Ka goge wannan don Allah, akwai yara a zauren nan.

Direban Bronx: Hajiya ba ni na faɗa ba fa, dattijon ne. Ki karanta daga sama.

Hajiya Mai Atamfa: Na karanta. Ko wa ya faɗa dai kai ka rubuta.

Malam Ƙarami: To wai mene ne laifin kalmar? Dukanmu bayi ne. Bawan Allah, baiwar Allah, haka muke kiran juna kullum. Wanda ya ji haushin a ce masa bawa ya binciki imaninsa.

Ɗan Kumasi: Haba Malam. Kai ma ka san ba wannan bautar ake nufi ba. Je ka Kano ka ce wa mutum "bawan Allah", gobe ka ce masa "bawan gidanmu", ka dawo ka gaya mana wanne ya jawo mari.

Bakano Na Asali: Me ya kawo Kano cikin maganar nan? Ana zancen Amurka ka tsallako Kano. Ku da aka kwashe bayi ta Elmina da Cape Coast, ku fara da ƙofarku.

Ɗan Kumasi: Mu mun yarda da namu, shi ya sa Gana ta kira jikokin bayin su dawo gida a 2019, shekara 400 da saukar bayin farko a Virginia. Du Bois ma, babban masanin baƙar fatar Amurka, a Akara ya mutu a 1963, kabarinsa na nan. Ku fa? Kasuwar Kurmi goro kaɗai ake sayarwa a da?

Bakano Na Asali: Bautar ƙasar Hausa daban ce. Bawan sarki yana hawa doki, yana riƙe sarauta. Shamaki, Ɗan Rimi, Sallama, waɗannan manyan fada ne, ba a ganin sarki sai ta hannunsu. Nuna min bawa ɗaya da ya yi sarauta a gonar auduga ta Mississippi.

'Yar Maraɗi: Yaya Bakano, bayin fada nawa ne, na rinji nawa ne? Wanda ke noma tun asuba a gandun wani dokin wa ya hau? Kuma ba zancen dauri ba ne kaɗai. A Nijar sai 2003 aka sa hukunci a doka kan mai riƙe bawa. Hadijatou Mani an sayar da ita tana shekara 12, ta kai ƙara kotun CEDEAO, wato ECOWAS, a 2008 kotu ta ce gwamnati ta biya ta sefa miliyan 10. Wannan ina raye aka yi shi, a rediyo na ji.

Bakano Na Asali: To ai kin faɗa da bakinki, a Nijar. Mu tun 1936 aka soke.

'Yar Maraɗi: Aka soke, ba kuka soke ba. Bature ya soke muku.

Alhaji Babba: Yara, a yi a hankali. Neman asali kafin aure ba laifi ba ne, al'adarmu ce. Ni da zan aurar da 'yata sai da na aika har Funtuwa aka bincika min dangin yaron. Dattijon nan haƙƙinsa ya nema, bakinsa ne dai ya zame.

Hajiya Mai Atamfa: Gaskiya ne Alhaji, Allah ya ƙara girma.

Ɗalibi a Ohayo: Baba Alhaji, da girmamawa, in asali ake nema ai yaron zai iya fin wasunmu. Bayan an fara jihadi a 1804, Hausawa da yawa da aka kama a yaƙi an gangara da su bakin teku an sayar, suka ƙare a Bahia ta Burazil. Hausawa ne suka shirya tawayen 1807 a can, suka sake tashi a 1814. Na Janairun 1835 a Salvador, babban birnin Bahia, wanda aka yi a ƙarshen azumi, Yarabawa Musulmi suka fi yawa amma da Hausawa a ciki, an tarar da layu da rubutun Arabiyya a jikin waɗanda aka kashe. Jikokin mutanen nan suna can yanzu. Su ma ba su da asali kenan?

Malam Ƙarami: Tsaya. Kana nufin jihadin Shehu ne ya sayar da mutane? Ka janye wannan.

Ɗalibi a Ohayo: Malam ban ce Shehu ya sayar da kowa ba. Na ce an yi yaƙi, an kama mutane ta kowane ɓangare.

Malam Ƙarami: Karatun Turawa kenan. A wane littafi ka gani? Wa ya rubuta?

Ɗalibi a Ohayo: Zan nemo in turo.

Bakano Na Asali: Kuma Burazil ba Amurka ba ce. Yaron can ɗan Bronx ne, ba ɗan Bahia ba.

Direban Bronx: Jama'a ba wanda ya taɓa maganar 1965 har yanzu fa.

Ɗan Kumasi: Ni dai ta cacar biza na shigo, lotare, ba wani Johnson.

Direban Bronx: Lotaren ma ai a 1990 aka ƙirƙiro shi, a kan ƙofar da aka riga aka buɗe.

Bakano Na Asali: Ku ci gaba da lotarenku. Mu tun 2013 aka cire Najeriya saboda mun yi yawa, da digiri muke shigowa.

'Yar Maraɗi: Digiri a aljihu, hannu a sitiyarin tasi.

Direban Bronx: Ƙanwata wannan kuma ni kika samu, ba shi ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ni abin da ban gane ba, yaron ma ai baƙi ne a wajen, me ya kai shi zama cikin dattawa?

Ɗan Kumasi: Baƙi ne? Ke fara ce Hajiya?

Hajiya Mai Atamfa: Baƙi na baƙunta nake nufi, shi da abokinsa, ba baƙin fata ba! Kai Hausar Zango ta hana ka ji.

Ɗan Kumasi: To in baƙunta ce, wa ya fi wani? Kakan kakansa a nan aka binne shi. Ke yaushe kika sauka a filin jirgi?

Hajiya Mai Atamfa: Ba na sa'insa da wanda ke ce wa mace "ya zo".

Tsohon Mai Gadi: Ina karantawa tun ɗazu, ban so sa baki ba. Ina unguwar Bronx ta New York a Fabrairun 1999 lokacin da 'yan sanda huɗu suka harbi Amadou Diallo a ƙofar gidansu. Bafulatanin Gini ne, ɗan talla, shekararsa 23. Harsashi 41 suka saki, 19 suka same shi, abin da ya ciro daga aljihu walat ne. Ba wanda ya tambaye shi asali, ko kakansa ɗa ne ko bawa. Kun san su wa suka cika titi? Al Sharpton, mai fafutukar 'yancin baƙar fata, da mutanensa, waɗannan da muke kira akata. Kullum suna gaban hedikwatar 'yan sanda ana kama su, fiye da mutum dubu aka kama. Mu da yawanmu ba takarda, ta taga muke leƙe. Ni kaina ban fita ba, ina ɗakin gadi da ɗan rediyo a kunne. Da aka wanke 'yan sandan a Albany a 2000, wata tsohuwa a benen da nake gadi, wadda ban taɓa gaisarwa da kyau ba, ta sauko da kofin shayi ta ajiye min ta koma, ba ta ce komai ba.

Malam Ƙarami: Allah ya jiƙansa. Amma Sharpton fasto ne fa.

Tsohon Mai Gadi: Na sani Malam.

Bakano Na Asali: Wannan shayin ba hujja ba ne. Ni an fasa min gilashin mota sau biyu, kuma na san waɗanda suka yi.

'Yar Maraɗi: Ka gan su?

Bakano Na Asali: Ba sai na gani ba.

Alhaji Babba: Ɗalibi, ina littafin?

Ɗalibi a Ohayo: Ina aji Baba, anjima.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe. Ga taƙaitawa ga waɗanda ba su bi ba. An tattauna kan muhimmancin binciken asali kafin aure, kuma Alhaji Babba ya yi bayani mai gamsarwa, akasarin jama'a sun goyi baya. An tabbatar cewa bautar ƙasar Hausa ba irin ta Turawa ba ce, kamar yadda ɗan'uwanmu na Kano ya kawo da sunayen sarautu. Zargin da aka yi wa jihadi ba a kawo masa littafi ba, don haka ya faɗi. 'Yan'uwanmu na Gana da Nijar a riƙa tauna magana, zauren nan ba na gori ba ne. Direba kuma, kalmar da ka rubuta ta ɓata wa iyayenmu mata rai, ka goge, sannan abin da aka yi a gidan suna a bar shi a gidan suna. Masu bashin kuɗin wata su tuntuɓi ma'aji kafin Juma'a.

Direban Bronx: Shugaba, 1965 ɗin fa?

Shugaban Zaure: An rufe.

Hajiya Mai Atamfa: Wanda ya tafi da kular waina ta, mai jan murfi, ya dawo min da ita don Allah.