Wace kalma za mu ba "philanthropy" da Hausa?

Jama'a, ku kawo ɗauki. Ina rubutu kan gidauniyar Knight ta Amurka, sai kalmar Turanci ta philanthropy, wato bayar da dukiya don amfanin jama'a, ta tsaya mini a wuya. A 2019 gidauniyar ta ware kusan dala miliyan 50 don a binciki yadda intanet da shafukan sada zumunta ke sauya hanyar samun labari da harkar dimokuraɗiyya. Da kuɗin aka kafa cibiyoyin bincike a jami'o'i biyar, ciki har da Jami'ar New York da Jami'ar Washington da ke Seattle. To me sunan wannan bayarwa?

Na sha jin ana cewa "ayyukan jinƙai". Ban gamsu ba. Jinƙai na mai yunwa ne, na ɗan gudun hijira, na wanda ambaliya ta cinye wa gida. Farfesan da ke bin diddigin yadda ƙarya ke yaɗuwa a Facebook ba abin tausayi ba ne.

Sadaka ma ba ta zauna ba. Ita an fi so a ɓoye ta. Nan kuwa sai ka rubuta takardar nema, a tantance ka, a yanka maka wa'adi, ka kawo rahoton kowane kwabo.

Ni na karkata ga wakafi, wanda a Kano ake kira hubusi. Ku dubi tsarin: 'yan'uwa biyu masu gidajen jarida, John da James Knight, su suka kafa gidauniyar a 1950. Sun daɗe da rasuwa, amma uwar kuɗin na nan ana juya ta, ana rabon abin da ta haifa. Dokar Amurka ma ta wajabta wa irin waɗannan gidauniyoyi fitar da kimanin kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu duk shekara. A tsare asali, a ci amfaninsa. Ai wakafi ke nan.

Wani malamina ya ja hankalina cewa wakafi ibada ce, sai da niyyar neman lada. Na karɓi gyaran, shi ya sa ba zan bar kalmar tsirara ba: "wakafin bincike" zan rubuta.

Abin da ya fi ja na gare ta shi ne, Bahaushe da ya ji wakafi zai tambayi wanda ya bayar da sharaɗin da ya gindaya. A binciken da ya shafi zaɓe da kamfanonin fasaha kuwa, wannan tambaya ce ta farko da ya kamata mai karatu ya yi.

Saura attajirin da ya ba da kuɗi sau ɗaya ba tare da ya ajiye asali ba. Wannan ba wakafi ba ne. Me za mu ce masa?