"Kisan kai" ko "kashe kai"? Neman Hausar "suicide prevention"

Mai fassara: Assalamu alaikum. Ina fassara wata takarda a kan yadda ƙasa take tsara shirin ceto mutanen da damuwa ta kai su ga tunanin kashe kansu, kuma tun daga kanun takardar na cije, domin kalmomin da ke wurin su ne "suicide prevention". Abin da ya fara zo mini shi ne "hana kisan kai", amma da na maimaita shi a baki sai na ji kamar zancen 'yan sanda da kotu nake yi. Ina neman shawarar masana.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam, Malama. Kunnenki bai yaudare ki ba. A Hausa "kisan kai" shi ne mutum ya kashe wani, shi ya sa ake cewa an gurfanar da wane bisa zargin kisan kai, kuma duk wanda ya karanta "hana kisan kai" zai ɗauka shirin yaƙi da masu laifi ne. Abin da muke faɗa shi ne "ya kashe kansa" ko "ta kashe kanta", saboda haka "kashe kai" ne daidai, ko da yake tazarar da ke tsakanin kalmomin biyu ba ta da yawa a kunne. Na taɓa ganin an rubuta "ƙunar baƙin wake" a irin wannan gurbi, wanda kuskure ne babba, domin mai ƙunar baƙin wake yana sallama ransa ne don ya tafi da na wani, alhali mutumin da ake magana a kansa a nan ba ya neman ran kowa, ciwo ne ya fi ƙarfinsa. Ki kuma guji kalmar "aikata", domin laifi ake aikatawa.

Ma'aikaciyar lafiya: Allah ya ƙara sani, Malam. Ni damuwata tana kan "hana". Kalma ce ta doka da tsawatarwa, kuma ƙasashe da dama sun gwada wannan hanya suka bar ta, saboda wanda ya san za a kama shi idan ya tsira ba zai je asibiti ba, iyalinsa ma ɓoye shi za su yi. Ingila ta cire kashe kai daga jerin laifuffuka tun 1961, Ghana kuma ta soke hukunta wanda ya yi yunƙurin a 2023. Abin da shirin ƙasa yake yi aiki ne na tun kafin abu ya faru. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ce fiye da mutum 700,000 ne suke mutuwa ta hanyar kashe kansu a kowace shekara, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 nasu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke, ta fi ba da ƙarfi ga nisanta mutane da abubuwan da ake amfani da su wajen kashe kai, da jan hankalin 'yan jarida kan yadda suke ba da irin wannan labari, da koya wa matasa yadda za su jure matsin rayuwa, da gano mai fama da wuri a bibiye shi. Sri Lanka ta haramta wasu magungunan ƙwari masu tsananin guba, mace-macen kuwa suka ragu ƙwarai, ba tare da an tsawata wa kowa ba. Mu a wurin aiki "rigakafi" muke kiran irin wannan.

Mai fassara: Na gamsu da batun "hana", Hajiya. Sai dai ina tsoron kada mai karatu ya ji "rigakafi" ya tuna allura. Me zai hana a ce "kandagarki"?

Malamin Hausa: Allura baƙuwa ce a gidan wannan kalma, Malama. Rigakafi ya haɗa "riga" da "kafi", wato a riga haɗari kafa shinge, kuma Bahaushe yana cewa rigakafi ya fi magani ko da babu allura a zancen. "Kandagarki" kalma ce mai kyau, amma a kunnena ta fi kama da tare abin da ya riga ya taso, saboda haka za ta dace da ma'aikacin da ya ɗauki wayar mutum da tsakar dare yana lallashinsa, ba za ta ɗauki shirin shekara goma irin wanda ƙasar Finlan ta gudanar daga 1986 zuwa 1996 ba. Ni dai ra'ayina a rubuta "rigakafin kashe kai", a ce "shirin ƙasa na rigakafin kashe kai", ranar 10 ga Satumba da ake tunawa da ita tun 2003 kuma ta zama Ranar Rigakafin Kashe Kai ta Duniya.

Ma'aikaciyar lafiya: Na amince. Roƙona kawai shi ne, inda takardar ta yi maganar "mental health", a sa "lafiyar ƙwaƙwalwa", kada a kawo "taɓin hankali", domin mai fama da ciwon damuwa yakan tashi ya tafi aiki kullum da hankalinsa garau, kuma da zarar ya ji an ambaci taɓin hankali zai ce ba da shi ake ba.

Mai fassara: Na gode, Malam da Hajiya, na gyara kanun. Saura guda ɗaya: takardar ta kawo misalin lambar waya ta 988 da Amurka ta buɗe a Yulin 2022 domin masu irin wannan hali. Na rubuta "layin kar-ta-kwana", sai na ga ya fi kama da kiran motar kashe gobara, don haka na mayar da shi "layin agaji" kafin in ji ta bakinku.