Da na farka sai mafarkin ya gudu

Ɗan Gwale: Assalamu alaikum jama'a. Ina koyon irin mafarkin nan da mutum kan gane mafarki yake yi alhali yana cikinsa. Damuwata, da na buɗe ido sai komai ya watse. Yau rijiyar gidan kakata kawai na riƙe, sauran ya bi iska. Don Allah ku taimaka.

Maman Khalil: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. In ka farka kada ka motsa, kada ka taɓa waya. Rufe ido ka kama rijiyar nan, ka bi ta baya-baya: wa ke tsaye a bakinta, daga ina ka fito? Sannan ka rubuta, ko kalma biyu ce. Ni littafi da biro a ƙarƙashin matashina suke kwana.

Malam Bature: Barci zagaye-zagaye yake, kowanne kusan minti 90, kuma mafarki ya fi tsawo gab da asuba. Mai kwanciya ƙarfe ɗaya wannan ɓangaren yake yankewa. In za ka koma barci bayan sallah, ka riƙa nanatawa a zuci: "Wannan karon zan gane mafarki nake." Dabarar Stephen LaBerge ce, wanda ya yi bincikensa a jami'ar Stanford ta Amurka.

Ɗan Gwale: Na gode Malam. To ƙararrawar waya ke tashina, ya zan yi?

Maman Khalil: Kashe ta da lalube, idonka a rufe.